Yadda Ake Feɗe Babbar Lamba Har Wutsiya: Mu Gwada da 1,334,520

Idan aka ajiye maka 12 aka ce ka faɗi halinta, ba za ka sha wuya ba. Ka san 2 da 3 da 4 da 6 duk suna raba ta. Amma a rubuta maka 1,334,520 a tambaye ka lambobi nawa ne ke raba ta ba saura, ko a wane aji masana lissafi suka sa ta, nan take ido zai raina fata. Yawancin mutane kalkuleta suke jawowa, su gwada rabawa da 2, da 3, da 4, da 5, har hannu ya gaji ba su kai ko'ina ba.

Akwai hanyar da ta fi wannan. Kowace lamba da ta wuce 1, muddin ba ta da gutsure, da tubala aka gina ta. Tubalan su ne lambobin da babu mai raba su sai 1 da su kansu: 2, 3, 5, 7, 11, 13 da sauransu, waɗanda ɗalibai ke kira firam. Ni tubali zan riƙa cewa. Ka gano tubalan lamba, to kusan duk sauran tambayoyin da kansu za su amsa kansu. Takarda da biro kawai kake buƙata.

Kalma ɗaya kafin mu fara: idan na ce alƙalami, ina nufin alama guda daga 0 zuwa 9.

Mataki na 1: Auna girmanta

Lambarmu miliyan ɗaya ce, da dubu ɗari uku da talatin da huɗu, da ɗari biyar da ashirin. Alƙaluma bakwai ke nan. Abin da za ka nema yanzu shi ne tushen murabba'inta, wato lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da wannan, ko ta zo kusa. 1,155 sau 1,155 ya ba da 1,334,025. 1,156 sau 1,156 ya ba da 1,336,336. Tamu tana tsakani. Rubuta 1,155 a gefen takarda, ita ce iyakar gonarka, kuma za ka ga dalili a mataki na 3.

Mataki na 2: Gwajin ido, kafin a taɓa rabawa

Fara daga wutsiya. Alƙalamin ƙarshe 0 ne, saboda haka lambar cika ce ba mara ba, kuma 5 da 10 suna raba ta. Don gwada 4, alƙaluma biyu na ƙarshe kawai za ka duba: 20, kuma 4 na raba 20. Don 8, uku na ƙarshe: 520, wato 8 sau 65. Don 16, huɗu na ƙarshe: 4,520, wanda ya bar saura 8. A nan 2 ta tsaya, sau uku ta shiga. Hikimar ita ce 100 na rabuwa da 4, 1,000 na rabuwa da 8, 10,000 na rabuwa da 16, don haka duk abin da ke gaban wutsiyar ya riga ya rabu, ba sai an dube shi ba.

Sai gwajin 3 da 9. Tara alƙaluman: 1 + 3 + 3 + 4 + 5 + 2 + 0 = 18. Tunda 9 na raba 18, tana raba lambar gaba ɗaya, 3 ma haka. Kada ka haddace wannan ba tare da sanin dalili ba. 10 ita ce 9 da 1, 100 ita ce 99 da 1, 1,000 ita ce 999 da 1. Idan ka zare duk taran nan daga kowane gurbi, abin da ya rage shi ne alƙaluman su kansu.

Gwajin 11 kuwa tarawa da ɗebewa ne bi da bi, daga dama: 0 − 2 + 5 − 4 + 3 − 3 + 1 = 0. Idan sakamakon sifili ne ko wani ninkin 11, to 11 ta shiga.

Wanda na fi so shi ne gwajin da ke jifan tsuntsu uku da dutse ɗaya. 7 sau 11 sau 13 ya ba da 1,001 daidai. Saboda haka ka yanka lambar uku-uku daga dama, inda waƙafi yake, ka ɗebe ka tara: 520 − 334 + 1 = 187. Yanzu 187 za ka yi wa tambaya a madadin babbar. 7 ba ta raba ta, saura 5. 13 ma ba ta raba ta, saura 5. 11 ta raba ta, 11 sau 17. A nan ake yawan zamewa: ganin 17 a cikin 187 ba ya nufin 17 na raba babbar lambar. Gwajin 7 da 11 da 13 kaɗai yake wa shaida, don su kaɗai ne a cikin 1,001.

Mataki na 3: Feɗewa

Yanzu sai a zare tubalan ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarami.

1,334,520 ÷ 2 = 667,260
667,260 ÷ 2 = 333,630
333,630 ÷ 2 = 166,815
166,815 ÷ 3 = 55,605
55,605 ÷ 3 = 18,535
18,535 ÷ 5 = 3,707
3,707 ÷ 11 = 337

Bayan kowace rabawa, sake gwada wannan tubalin kafin ka wuce gaba. A 18,535 jimillar alƙaluma 22 ce, shi ya sa muka rabu da 3.

Saura 337. Tubali ce ko tana da abin da ta ɓoye? Ga inda iyakar gona ke aiki. Idan lamba ta rabu gida biyu, a ce wannan sau wancan, ba zai yiwu duka biyun su wuce tushen murabba'inta ba, don da sun wuce, ninkinsu zai fi ta. Dole ɗaya ya kasance ƙarami. Ke nan idan ka gwada duk tubala har zuwa tushen ba ka samu mai raba ta ba, ba za ka samu a sama ba. Kuma abin daɗin shi ne iyakar tana matsowa duk lokacin da ka zare tubali. Da farko 1,155 ce, wadda ke da tubala 191 a ƙarƙashinta. Yanzu da 337 kawai ta rage, 19 sau 19 ya ba da 361, ya riga ya zarce. An gama da 2, 3, 5, 7, 11 da 13. Saura 17 kaɗai: 17 sau 19 ya ba da 323, 17 sau 20 ya ba da 340. Ba ta shiga ba. 337 tubali ce.

Ga ƙashin bayan lambarmu:

1,334,520 = 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5 × 11 × 337

Ninka su ka tabbatar: 8 sau 9 ya ba da 72, sau 5 ya ba da 360, sau 11 ya ba da 3,960, sau 337 ya dawo da kai gida. Kada ka tsallake wannan dubawar, kuskure guda a nan zai bi ka har ƙarshen aiki.

Ko ta ina ka fara feɗewar, waɗannan tubala takwas za ka tarar, ba ƙari ba ragi. Tushen wannan magana yana cikin aikin Yuklid, wanda ya rayu a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin miladiyya, Gaus na Jamus kuma ya kafa mata cikakkiyar hujja a 1801. Saboda ita ne ma ba a ƙirga 1 cikin tubala: da an ƙirga ta, sai kowa ya jera ta sau nawa ya ga dama, feɗewar ta daina zama guda.

Mataki na 4: Karanta amsoshi daga tubalan

Daga nan aiki ya koma girbi.

Lambobi nawa ke raba ta? Duk mai raba ta, daga cikin tubalan nan aka tsinto shi. Tubalin 2 za ka iya ƙin ɗauka, ko ka ɗauka sau ɗaya, sau biyu, ko sau uku: zaɓi 4. Tubalin 3: zaɓi 3. Su 5 da 11 da 337 kowanne ko ka ɗauka ko ka bari: zaɓi 2. Ninka: 4 × 3 × 2 × 2 × 2 = 96. Lambobi 96 ke raba ta, har da 1 da ita kanta. Dokar ita ce ka ƙara 1 a kan yawan maimaicin kowane tubali, ka ninka sakamakon.

Gwada ɗaya ka gani da idonka. Ɗauki 2 sau biyu, 3 sau ɗaya, da 337: ya ba da 4,044. Tubalan da ka bari, 2 da 3 da 5 da 11, sun ba da 330. To 4,044 sau 330 shi ne 1,334,520. Haka duk suke tafiya bibbiyu, tagwaye 48, kuma waɗanda suka fi kusa da juna su ne 1,011 da 1,320, ɗaya a ƙasan 1,155 ɗaya a samanta.

Idan ka ƙi taɓa 2 sam, masu raba ta na mara za su fito: 3 × 2 × 2 × 2 = 24. Wannan adadi yana da wani amfani da ba a zato. Cire 1 daga ciki, ka samu yawan hanyoyin rubuta lambar a matsayin jimillar lambobi masu bin juna, hanyoyi 23. Ga mafi gajarta: 444,839 + 444,840 + 444,841.

Jimillar masu raba ta fa? Ba sai ka tara lambobi 96 ba. Kowane tubali ka tara matakansa, tun daga 1:

na 2: 1 + 2 + 4 + 8 = 15
na 3: 1 + 3 + 9 = 13
na 5: 1 + 5 = 6
na 11: 1 + 11 = 12
na 337: 1 + 337 = 338

Ninka su: 15 × 13 × 6 × 12 × 338 = 4,745,520. Cire lambar kanta, ya rage 3,411,000.

Akwai kuma ƙidayar Euler: daga 1 zuwa lambarmu, lambobi nawa ne ba su haɗa tubali ko ɗaya da ita ba? Ga tubalin da ya zo sau ɗaya, rage masa 1: 4, 10, 336. Ga wanda ya maimaitu, ɗebe matakin da ke ƙasa daga na sama: 8 − 4 = 4, sai 9 − 3 = 6. Ninka duka: 4 × 6 × 4 × 10 × 336 = 322,560, ƙasa kaɗan da kwata.

Mataki na 5: Sa ta a ajinta

Nikomakus na Jarash, wajen shekara ta 100 miladiyya, ya kasa lambobi gida uku bisa jimillar masu raba su idan an cire su kansu. Idan jimillar ta gaza lambar, mai giɓi ce. Idan ta zarce, mai yalwa ce. Idan ta zo daidai, kammalalliya ce, kamar 6, wadda ita ce 1 + 2 + 3.

Tamu ta ba da 3,411,000, fiye da ninki biyu da rabi na kanta. Mai yalwa ce ƙwarai. Da ma ana iya gane haka ba dogon lissafi: duk lambar da 6 ke rabawa, in ta wuce 6, mai yalwa ce, don rabinta da sulusinta da sudusinta kaɗai sun cike ta. Duba: 667,260 + 444,840 + 222,420 = 1,334,520. Ko 1 ka ɗora a kai, ta yi ambaliya. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na lambobi masu yalwa ne, kuma yawancin na farkonsu cika ne. Sai an kai 945 kafin a haɗu da ta mara.

Kammalallu kuwa ƙalilan ne: 6, 28, 496, 8,128, sai tsalle zuwa 33,550,336. Ke nan babu mai alƙaluma bakwai a cikinsu, ba sai ka gwada ba. Har yau ba a samu kammalalliya ta mara ba, ba a kuma tabbatar da cewa babu ita ba.

Akwai aji na aminai: lambobi biyu da masu raba kowacce ke haɗa ɗayar, kamar 220 da 284. Sabit bin Ƙurra ya fitar da dabarar nemo su a Bagadaza a ƙarni na 9. Tamu tana da aminiya? In akwai, dole 3,411,000 ce. Amma ita ma 6 na raba ta, don haka mai yalwa ce, jimillarta gaba za ta yi, ba za ta sauko wa tamu ba. Babu aminci.

Mataki na 6: Tambayi siffarta

Murabba'i ce, wato wata lamba aka ninka da kanta ta ba da ita? Mataki na 1 ya riga ya ce a'a, tubalan kuma sun ba da dalili: a murabba'i kowane tubali bibbiyu yake zuwa, a nan kuwa 5 da 11 da 337 duk tilo ne, 2 ma sau uku ta zo.

Za a iya jera ta dala, wato 1 + 2 + 3 har zuwa wani wuri? Ninka ta da 8 ka ƙara 1, ka duba ko murabba'i ne. Ya ba da 10,676,161, wanda ya faɗa tsakanin murabba'in 3,267 da na 3,268. Ba ta jeruwa.

Tambayar da ta fi waɗannan zurfi ita ce ta tara murabba'ai. Ana iya samun murabba'ai biyu da jimillarsu ta ba da ita? Nemo tubalan da ke barin saura 3 idan an raba su da 4. A nan 3 ce da 11. Sharaɗin shi ne kowanne irinsu ya zo bibbiyu. 3 ta cika sharaɗi, 11 ta zo ita kaɗai. Wannan 11 guda ta rufe ƙofa: ko shekara za ka yi kana gwadawa, ba za ka samu ba. Ina ganin babu inda ƙarfin feɗewa ya fito fili kamar nan, layi ɗaya ya hutar da kai gwaji ɗaruruwa.

Murabba'ai uku fa? Dokar Legendre ta ce ka yi ta raba lambar da 4 har ta ƙi, sannan ka raba abin da ya rage da 8. Idan saura ba 7 ba ne, zai yiwu. Rabawa da 4 ta ba da 333,630, wadda ta ƙi sake rabuwa, kuma saurarta a 8 shi ne 6. Zai yiwu ke nan, ga shi ma: murabba'in 1,154 shi ne 1,331,716, na 52 shi ne 2,704, na 10 shi ne 100. Tara su ka gani. Murabba'ai huɗu kuwa ba a tambaya, Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa sun ishi kowace lamba.

Mataki na 7: Bambanta jiki da riga

Wasu halayen na lambar ne, wasu na yadda muka rubuta ta ne. Misali, jimillar alƙalumanta 18 tana raba ta, 18 sau 74,140. Irin wannan ana ce mata lambar Harshad, sunan da Kaprekar na Indiya ya raɗa. Abin sha'awa ne, amma na riga ne, don ya dogara da ƙirgen goma-goma. Haka batun ko lamba na karantuwa iri ɗaya ta gaba da ta baya.

Sauya mata riga ka gani. A ƙirgen kwamfuta na sifili da ɗaya, za ka yi ta zare matakin 2 mafi girma da zai shiga: 1,048,576, sai 262,144, sai 16,384, 4,096, 2,048, 1,024, 128, 64, 32, 16 da 8. Ta zama 101000101110011111000, alƙaluma 21. A ƙirgen sha shida kuma, inda haruffan A zuwa F ke tsayawa a madadin 10 zuwa 15, ta zama 145CF8. Jimillar 18 ta ɓace. Amma dubi sifili uku na wutsiya: tubalin 2 ne da ya zo sau uku. Masu raba ta suna nan 96, yalwarta na nan. Idan kana rubuta bayanin lamba, ka ware waɗannan biyun, kada ka cakuɗa su.

Mataki na 8: Idan lambar ta yi taurin kai

Tamu mai sauƙin kai ce. Ja baya taku ɗaya zuwa maƙwabciyarta, 1,334,519. Lambobi biyu masu bin juna ba sa haɗa tubali, don haka 2, 3, 5, 11 da 337 duk sun fita. Gwajin 1,001 ya ba da 186, ya kori 7 da 13. Mai gaggawa zai ce tubali ce. Ci gaba: 17 ta bar 2, 19 ta bar 16, 23 ta bar 13, 29 ta bar 26. Sai 31 ta shiga cif, 31 sau 43,049. Ita kuma 43,049 tushenta bai kai 208 ba, sai ka bi tubala daga 31 har 199, babu wanda ya shiga. Tubala biyu ke nan kacal, masu raba ta huɗu, jimillarsu ban da ita 43,081. Mai giɓi ce sosai, alhali katanga ɗaya ce tsakaninta da mai 96.

Wannan gwaji na ɗaya bayan ɗaya yana aiki da hannu ga alƙaluma shida ko bakwai, kwamfuta kuma ta kai shi nesa. Amma duk alƙaluma biyu da aka ƙara, iyakar gona ninkuwa take sau goma. Ga manyan lambobi sai a raba tambayar biyu: tubali ce ko a'a, sannan in ba tubali ba ce, su wane ne tubalanta. Ta farko ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Gwajin Fermat shi ne mafari: ninka 2 da kanta sau adadin lambar ban da ɗaya, ka raba da lambar. Idan saura ba 1 ba ne, tabbas ba tubali ba ce. Idan 1 ne, kada ka yi saurin yanke hukunci. 341, wato 11 sau 31, tana tsallake wannan gwaji da 2. 561, wato 3 sau 11 sau 17, tana tsallake shi da duk lambar da ba ta haɗa tubali da ita ba. Shi ya sa manhajoji suka fi dogara da gwajin Miller da Rabin, wanda ke kama irin waɗannan. A 2002 kuma masana uku a Kanfur ta Indiya, Agrawal da Kayal da Saxena, suka nuna hanyar da ke ba da tabbas ba tare da lokacin aikin ya tashi babu iyaka ba.

Tazarar da ke tsakanin tambayoyin biyu tsohuwa ce. A 1876 Lucas ya nuna cewa idan aka jera 2 har sau 67, aka ninka su da juna, aka cire 1, abin da ya fito ba tubali ba ne, amma bai san masu raba shi ba. Sai a 1903 Frank Cole ya fito da su a wani taron masana a New York: 193,707,721 sau 761,838,257,287. Tubalin da aka gano a Oktoban 2024, wanda ya fi duk waɗanda aka sani a lokacin girma, yana da alƙaluma 41,024,320, amma lambar RSA-250, mai alƙaluma 250 kacal da tubala biyu, sai a Fabrairun 2020 aka feɗe ta, bayan aikin da ya kai kimanin shekara 2,700 in da ƙwaƙwalwar kwamfuta guda ce ta yi shi. A kan wannan wahala aka gina tsarin RSA na 1977, wanda ke cikin makullan da ke tsare saƙonni a intanet. Saboda haka idan lambar da ke gabanka ta haura alƙaluma ashirin, yi mata gwajin ido na mataki na 2, zare ƙananan tubalan da suka fito, sannan ka miƙa ragowar ga gwajin Miller da Rabin kafin ka ɓata lokaci wajen neman masu raba ta.